Littafin Baƙin Mai

Shekara shida ina zubin adashe,
ina tsayuwar tasha tun gari bai waye ba.
Asibitin Kaita da safe, Katsina da yamma,
mu huɗu a mazaunin mutum biyu,
gwiwar wata a haƙarƙarina, kwandon wata a cinyata.
Ran da na kwashi kuɗin ban runtsa ba,
na ce gobe ni ma zan riƙe makullin mota.

Dillalin Ƙofar Ƙaura ya hango ni daga nesa.
"Hajiya!" in ji shi, ni da ko jirgi ban taɓa hawa ba,
"ga wata ja, jiya ta sauka daga Kwatano,
wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa cefane da ita."
Na ga fuskata a jikin ƙofa, har da kwallin idona.
Zuciyata ta biya tun ban tambayi kuɗinta.

Kawu Rabe bai tanka ba.
Shekara talatin yana kwance ƙarƙashin motocin mutane,
baƙin mai ya zauna a tafinsa kamar lalle.
Ya ciro maganaɗisu daga aljihu
ya bi jikinta yadda nake bin jijiyar mara lafiya:
nan ya kama, nan ya kama,
gefen direba ya sulale ƙasa.
"Nan ba ƙarfe, ɗiyata, ciko ne aka shafe da fenti.
Ta taɓa kifewa. Ga shi ta faɗa da bakinta."

Ruwan lagireto kamar kunun gyaɗa.
Ya kafa sukundireba a inji, ya sa kunne a ƙota,
ya lumshe ido.
Dillali na rantsuwa, Kawu na saurare.
"Kyan ɗan maciji," ya ce. Muka bar ta.

Ta biyu tana tusar hayaƙi shuɗi.
Ta uku, lambar takardar kwastan daban, ta ƙirji daban.
La'asar ta yi, ƙafata ta kumbura,
na fara jin haushin Kawu da kunnensa,
har na raya a raina tsufa ne ya sa shi mita.

Sai ya ce akwai wata a Rafin Daɗi,
ta Malam Badamasi, tsohon hedimasta.
Ruwan toka, rana ta cinye mata baya,
kujera da faci, ƙofa ɗaya sai an ɗaga ta rufu.
Na kawar da kai.
Aka murɗa makulli sau ɗaya, ta amsa
a hankali, kamar numfashin jaririn da ya ƙoshi.
Kawu ya yi murmushin farko a ranar:
"Ba girin-girin ba, ta yi mai. Saurari muryarta."

Malam ya miƙo littafin awo na 'yan makaranta.
Shekara goma sha ɗaya a ciki, da jan biro:
ran da aka juye mai, ran da aka canja birki,
taya biyu a hanyar Jibiya, naira kaza,
har ran da ya goge ta da katangar masallaci,
ya rubuta: laifina ne, ba nata ba.
Ban tambayi abin da ya sa zai sayar ba.
Na ga yanar da ta rufe idonsa na hagu,
na ga yadda ya laluba kafin ya shafa madubinta.

Bai yi ciniki da yawa ba.
Ya ce, "Kada dai ki bar ta da ƙishirwa,"
ya shige gida tun ban juya ta ba.

A shataletale ta mutu mini sau biyu,
masu babur na ta zabga oda.
Na ce, "Kawu, an cuce mu!"
Ya ce, "Ƙafarki ce, sako kuloci sannu. Ba ruwanta."

Da dare na buɗe littafin a tsakar gida.
Ƙarƙashin layin Malam na ƙarshe
na sa kwanan wata da shuɗin biro:
fetur lita goma, mutuwa biyu a hanya.
Na tsaya, na ciji biron,
sannan na ƙara: laifina ne, ba nata.