Takin da Ya Zo Bayan Goyo

Ni ke riƙe da littafin ƙungiya,
ni, Tanko na bakin Galma, mai biro a kunne.
Mu arba'in da bakwai ne a Dakace,
har da Gwaggo Lantana mai gonar barkono,
wadda ba ta zuwa taro sai da kujerarta.

Da bazara suka zo cikin farar mota.
Wani yaro mai tabarau ya ce mu dangwala yatsa,
ya ɗauki hoton kowa a bakin gonarsa,
ya ce saƙo zai shigo ta waya:
buhu biyu na taki a rabin kuɗi, da irin masara.
Malam Jatau ba shi da waya,
ya ba da lambar surukinsa mai faci a Sabon Gari.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka.
Muka yi firi, muka yi maimai,
waya a aljihu kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza.
In ta yi ƙara sai mu yar da fartanya,
ashe kamfani ne ke tallan kati.
Ganyen masara ya yi ɗorawa
kamar idon mai shawara.

Sai da ta yi goyo, gemu ya bushe,
saƙo ya ce: ku zo sakatariya.
Muka cika a-kori-kura, muka tafi.
Buhu ɗaya, mutum huɗu.
Sunan Jatau ya fito, amma an riga shi karɓa;
wai wani mai shadda ne,
tafin hannunsa ko kanta babu.

Da kaka rediyo ta ce an buɗe hanya,
hatsin waje na shigowa don talaka ya ci.
Ba mu ƙi talaka ya ci ba. Mu ne shi.
Amma masara buhu uku kan taki buhu ɗaya?
Wanda ya buga wannan lissafi
bai taɓa duƙawa a kunya ba.

Taro a gindin mangwaro, bayan la'asar.
Barau ya ce mu tare titin Jos da amalanke.
Cindo ya ce mu koma dawa,
ita ba ta roƙon kowa.
Magana ta hau magana, na mai da biro kunne.
Sai Gwaggo ta buga sanda a ƙasa:
"Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."
Ta kwance bakin zane,
ta ajiye dubu biyu masu ƙamshin daddawa.
Aka yi shiru.
Barau ya sosa ƙeya, ya laluba aljihu.

Na rubuta: tiya biyar-biyar, a ɗakin Cindo,
kwaɗo biyu, makulli a hannu daban-daban.
Ba mai sayar wa 'yan baranda shi kaɗai.
Da rani, kafin taki ya yi fiffike, mu saya da kanmu,
mu kwaso kashin kaji daga Basawa.
Samari biyu suka hau babur zuwa Samaru,
suka dawo da waken soya a leda
da maganar malaman gona: a riƙa juya shuka.

Wasiƙa ma mun rubuta, ba doguwa ba:
"Ranka ya daɗe, damina ba ta jiran sa hannu.
In za a taimaka, a riga hadari zuwa,
a tambaye mu kafin a yanke mana."
Jatau ya dangwala mata yatsan nan nasa.
Na kai. Masinja ya karɓa,
ya ɗora kofin shayi a kanta.

Bana ma saƙon ya shigo, cikin marka.
Na ji wayar tana kuka a aljihun Barau.
Masara ta kai mu kafaɗa, shar da ita.
Babu wanda ya ajiye fartanya.