Hanyar da Ke Kan Takarda

Ni ne Narwa, mai ban ruwa.
Ana biyana in shayar da itace
a bakin hanyar da ba a yi ba.
Bedi ɗari da sha huɗu, layi biyu,
tsakaninsu ba kwalta, ba sawun mota,
sai ƙarangiya da kashin jar akuya.
Ƴan kabu-kabu in sun gan ni da jarka
su ce, "Tsoho, ina titin naka?"
In ce, "Yana nan tafe, ku ba shi hanya."

Nan da gonar babana ce.
Daga wancan gawo zuwa gindin kalgo
dami saba'in muke ɗaurewa in damina ta yi halinta.
Ran da aka zo awo ni na riƙe sandar,
mai ja da fari,
tsaye cikin kunyar da na ja da hannuna.

Barira ƴar Mokoyo ce mai zane.
Ta shimfiɗa taswira bisa bayan mota,
iska na fizga, ta danne da takalminta ɗaya.
Ta ce, "Baba, nan ɗakin littattafai, shekara goma.
Nan asibitin koyo, ashirin, in da rai."
Sai ta aza yatsa kan wani farin fili:
"Nan ba za a sa ko bulo ɗaya ba."
Na ce, "To me ya sa jami'a ta saye shi?"
Ta ce, "Masu shi ba a haife su ba tukuna,
ban san abin da za su so karantawa ba."

Kwana uku tana bi na, tambayarta ɗaya:
ina ruwa ke bi?
Na kai ta kwarin da ke kwance kamar bai san komai ba.
Na ba ta labarin kakata,
yadda gulbi ya ci tsohuwar Maradi
mutane suka hau tudu da tukwane a ka.
Ta yi shiru. Ta ciro magogi,
ta ɗauke gidan kwanan ɗalibai sukutum
ta maida shi gabas, taki ɗari uku.
Ban taɓa ganin an yi ƙaura da arha haka ba.

Daga baya aka maida ta Damagaram.
Taswira ta shiga kabad, gara ta ɗanɗana gefenta.
Sabon shugaba ya zo da gaggawa da motocin sima,
ya ga kwari shimfiɗe, ya ce ga wuri a banza.
Aka yi gini, aka yanka rago, aka yi tafi.
Malka ta sauka daren wata Laraba.
Da asuba ƴanmata na fitowa da katifu a ka,
littafi na iyo kusa da buta.
Ban ce uffan ba.
Ruwa dai bai shiga lakkol ba, amma ba ya mantuwa.

Farin filin nan har yau yana nan fari.
Sau biyu an zo da igiya za a yanka shaguna,
sau biyu wani ya tuno da kabad.
Na uku ban sani ba.

Bara bedi uku suka mutu, na sayo na maye,
dala arba'in arba'in, daga aljihuna.
Sauran sun wuce kaina yanzu.
Ɗalibai masu gudun rana sun soma bi ta tsakiya,
ƙafa bisa ƙafa, har turba ta fito
daidai inda alƙalamin Barira ya ja.
Ba wanda ya gaya musu.

Jikata Cima, aji uku take,
takan biyo ni da gwangwanin tumatir,
ta zaɓi nata itacen, na sittin da ɗaya,
wai a inuwarsa za ta jira sakamako.
Na ce, "Sakamakon me?"
Ta ce ba ta yanke ba tukuna.

Yau famfo ya ɗauke.
Sai na nemo amalanken Sahabi kafin la'asar.