Kunyoyin Dutse

Ƙarfe shida nake fito da injin,
raɓa ta jiƙa min bakin wando.
Minneapolis na barci a bayana,
jirage kuwa, daga filinsu na maƙwabta,
suna ta tashi ta kanmu, ba su gaji ba.

Ɗan manomi ne ni, na san kunya in na gan ta.
Ga su nan farare fat, layi bayan layi,
an ja igiya an daidaita,
an yi shuka mai tsada da 'ya'yan mutane,
damina bayan damina ana ban ruwa,
ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba.

Aikina aski: in ratsa tsakanin duwatsu
in rage wa ciyawa suma.
Wannan da gicciye, wancan da tauraro,
can gindin bishiya akwai mai jinjirin wata.
Nan nakan kashe injin in yi masa Ƙulhuwallahu,
sai nauyin maƙwabtansa ya kama ni,
in ce Allah Ya san nasa, ni ban sani ba.

Ran Alhamis Loretta takan zo
da kujerar naɗewa da filas ɗin kofi.
Ta zauna gaban Wendell, ɗan autanta,
shekara ashirin da ɗaya, in ji dutsen.
Ta ba shi labarin rufin da ke yoyo,
da karensa da ya tsufa ya mutu,
da budurwarsa da ta haifi na uku.
Ta ce da ni, "Haladu, kar ka yi masa ƙwal,
yaron nan bai taɓa son aski ba."

An busa ƙaho, an harba bindiga sama,
an ba ta tuta naɗe kusurwa uku.
Tana kan kabad, tana goge ta kullum,
tutar ba ta taɓa ce mata Mama ba.

Rannan ta tambaye ni, "Kai ina naka?"
Na ce kakana Tanimu ya tafi Bama,
Turawa suka loda su a jirgin ruwa.
Kakata ta ajiye masa akushinsa
har gara ta cinye gindin.
Ba dutse, ba lamba, ko tsingaron tukunya,
daji ya haɗiye shi, bai yi gyatsa ba.

Ta yi shiru. Jirgi ya wuce.
Ta tsiyaya kofi a murfin filas ta miƙo,
ta ce in sake faɗin sunan, a hankali.
Ta-ni-mu. Harshenta ya yi tuntuɓe, ta sake.
Ta juya ga dutsen: "Wendell, ka ji ko?
In kun gamu ka matsa masa,
bai samu wurin kwanciya ba."

Kofin ba sukari. Na shanye.
Na tada injin na bi layi,
da na zo kan Wendell na kauce.
Gobe shugaban aiki zai gani, zai yi faɗa.
Ya yi ta yi. Ban aske ba.