Kilomita Ɗari da Saba'in

Gari bai gama wayewa ba a Killarney
muka ɗaura lamba a goshin keke.
A aljihun baya, ayaba biyu
da hoton Gobnait, ƙanwata, naɗe a leda.

Gidan jinyar da ya riƙe ta wata biyar
yana neman gadaje.
Maƙwabta sun zuba abin da ya sawwaƙa.
Mahaucin layinmu ya ce
sai ya ga na dawo da ƙafafuna zai cika nasa.

Bayan Cahersiveen ruwa ya tsinke.
Teku a dama, toka-toka,
tumaki masu jan fenti a gadon baya
suna kallonmu kamar muna cin bashinsu.

A Sneem tayata ta yi faci.
Wani dattijo, Tadhg, ya ci birki,
ya miƙo tif, ya hangi ledar,
ya ce: ni matata ce.
Bai ƙara ba, ya hau.

Hawan Moll's Gap ya karɓi haƙƙinsa.
Cinya ta ƙi, gwiwa ta yi tsami,
na sauka na tura, ban ji kunya ba.
Gobnait ma sau uku takan huta
tsakanin gado da taga.

A gangara iska ta share min fuska,
ban tantance na sama da nawa ba.

Da la'asar sakaliya wata yarinya
ta rataya min ƙarfe a wuya,
ta ba ni shayi a kofin takarda.
Na zaro hoton.
Ledar ta huje, gefe guda ya jiƙe.