Ɗigo Bakwai

A ƙasan cibiyata akwai wani layi.
Shekara huɗu ke nan da likita ya ja shi da wuƙa,
ya zaro Nemesio kamar dankali daga kunya.
Tun ran nan, in sanyin Potosí ya gangaro daga dutse,
tabon ne ke fara sani.

Wannan karon da gawayi nake ƙirga watanni,
ɗigo ɗaya duk wata a bangon kicin.
Bakwai na yi.
Ina tsugune a kasuwa, ina auna wa wata busasshen dankali,
faya ta fashe.
Ko canjinta ban ba ta ba.

Casimiro na can cikin ramin haƙar azurfa,
inda kira ba ya kaiwa.
Ubaldina mai sayar da ulu ce ta tare mota,
ta cusa ni ciki da mayafinta.

Likita Choque ta ɗora yatsu biyu kan tabon,
ta yi shiru kamar mai sauraron tukunya.
Ta ce, “Tsohon ɗinki kan warware.
Yakan riƙe kuma.
Ga ɗakin tiyata a buɗe, ba zan gusa ba.
Gwada, Eulogia.”

Ni ba naƙudar ce ta ba ni tsoro ba.
Duk yunƙurin da na yi,
kunnena na ƙasan cibiya,
ina jiran ƙarar yagewar tsumma.

Bai yage ba.

Ta fito ta ƙofar da yayanta bai bi ba,
ja wur, shiru,
tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba.
Na ƙirga numfashina har goma sha ɗaya
kafin ta yi wani ɗan kuka na kyanwa.
Bakwaini.
Kilo ɗaya da gram ɗari huɗu.
Na sha sayar da abin da ya fi haka
in ƙara gyara a kai.

Kwana tara tana cikin kwalba,
roba a hanci, ’yar hula har gira.
Ina tatsar nono a cokali,
ɗigo, ɗigo,
in cike wanda ban yi a bango ba.

Ubanta ya wanke hannu sau uku,
baƙin ƙarƙashin farce ya ƙi fita.
Ya tsaya bayan gilashi,
mutumin da ke fasa dutse,
ya kasa taɓa ta.

Yau an kwantar min da ita a ƙirji, fata da fata,
an rufe mu da bargo ɗaya.
Yaron gadon kusa da namu bai kwana ba jiya,
uwarsa ta naɗe kayanta ba ta dube ni ba.
Don haka ban yi alkawari ba,
ban raɗa suna ba tukuna.

Sikeli dai ya ce gram talatin ta ƙara.
Diddigenta na sauka daidai kan tabon,
tana ɗan shurinsa cikin barci.