Ta Bayan Taga

Kaskona na gindin dalbejiya,
taku bakwai daga tagar aji ɗaya,
a lakwal ɗin unguwarmu, nan Garwa,
inda hanya ke gangarawa Binuwai.
Ban biya rajista ba, ba ni da benci,
amma kunne ba ya neman izini.

Bakwai da rabi a buga ƙarfen tayar mota,
su shigo a jere, hannu a kafaɗar na gaba,
tamanin da 'yan kai, huɗu-huɗu a benci,
wanda ya makara ƙasa ta karɓe shi.
Mushe Taiwe, dogo kamar giginya,
sai ya rusuna wa ƙofa kafin ta bar shi ya shiga.

Ya bugi tebur sau ɗaya: kowa ya rubuta.
Sau biyu: alluna sama!
Sai ka ga baƙaƙen alluna sun tashi
kamar jemagu da magariba,
wani a daidai, wani a kife.
Ukun Hamajoda kullum ta juya baya
kamar sun yi faɗa da biyu.
Ya goge da yawu, ya bi da gefen riga,
ya sake zana ta,
ta sake juyawa.

Ranar lissafi murafun lemo ke aiki,
ni ke tara musu a gwangwanin tumatir.
Tsinken tsintsiya goma, a ɗaure da roba,
wai ya tashi daga goma, ya zama ɗaya babba.
Nan kam ba su fi ni ba.
Fanke uku dala biyar,
na iya canji tun mushen yana goye.

Faransanci ne ke tsaya musu a wuya
kamar ƙayar ragon ruwa.
Gida Hausa, kasuwa Fulatanci,
nan kuma a ce ka tsuke baki
kamar mai hura wuta,
ka fito da wata U da ba 'yar garin nan ba.
Ni ma na gwada, kaina a sunkuye.
Mai ya fallatso mini a hannu,
wai in kama girmana.

Wata Talata ya zana biyu a babban allo,
ɗaya kamar fanke, ɗaya kamar kasko.
Ya ce in sun jera kafaɗa, muryarsu ɗaya.
Aji ya amsa, kwanon rufi ya ɗauka,
sai na ji ashe tamu ce:
ta uwa, ta uku, ta unguwa.
Matsamin ya tsaya a hannuna.

Da aka fito tara, suka yo kaina kamar fara,
na sallami mai dala, na sallami mai bashi,
sannan na kwance bakin zane
na zaro katin shaida,
wanda shekara takwas nake miƙa wa jandarma
ba mu taɓa gaisawa da shi ba.
Na kira Tasalla, mai giɓi, 'yar maƙwabta.
Ta ɗora yatsa, duk farin alli.

"Ga fanke, Iya. Ga kasko.
Wannan mai ƙafafu a sama
ba mu zo wurinsa ba.
Ga A. Wannan ma sai bayan hutu.
Ga I a ƙarshe, ita kaɗai a tsaye."

Uwani.
Huɗu cikin shida sun buɗe mini ƙofa.
Ashe sana'ata ce ke gaban sunana,
ni ban sani ba.

Kasko guda ya ƙone ranar nan.
Na ba yarinyar biyu masu kyau, ta ruga,
ƙarfe ya yi ƙara, alluna suka koma cinya.

Da dare na baza gari a faifai,
na zana fanke, na zana kasko,
na bar fili, na zana A a karkace.
Jikata ta ce, "Me kike yi?"
Na ce tankaɗe.

Gobe zan matso da murhu taku biyu.
In an tambaya, inuwar ce ta gusa.