Tukuna

Shekara sha ɗaya ke nan
da suka yanke kashi biyu cikin uku na tumbin Chun-bae,
suka ɗinke ragowar da hanji,
suka miƙo mini shi kamar buhun da aka zazzage.
Tun ranar da cokali nake auna masa shinkafa,
bakwai da asuba, bakwai da hantsi,
sau shida kafin a kunna fitilun tashar jirgi.

Mutumin da ya shekara arba'in yana kwasar gishiri
a tsibiran Sinan, har rana ta jeme masa ƙeya,
yau ni ke ɓoye masa tulun jatan lande mai gishiri
a bayan injin wanki.
Ya san wurin. Na san ya sani.

Duk kaka mukan hau jirgin fito zuwa Mokpo.
Ya kwana da yunwa, ya kwanta ta gefen hagu,
su zura masa tiyo mai ido ta maƙogwaro,
ni ina baranda
riƙe da haƙoransa na roba a cikin hankici.

Bana Likita Pyo ba ta yi saurin murmushi ba.
Ta juyo mana allon.
Ga ɗinkin nan, ja wur,
inda ɗacin matsarmama ke komowa yana lasarsa dare da rana.
Ga wasu tabo fari-fari a gefensa
kamar sawun da teku ke bari in ta janye.
Ta ce fatar tumbin ta gaji, ta sirance,
har ta fara kwaikwayon fatar hanji.
"Ba sankara ba ce," in ji ta.
Ta gyara tabarau.
"Tukuna."

Ta tsinko nama huɗu, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Sakamako sai bayan kwana goma.

A jirgi, ya mai da haƙoransa, ya daɗe yana kallon ruwa.
"Deok-rye," ya ce, "haka fagen gishiri yake.
Ruwa ne, ruwa ne,
ka sunkuya ɗaure takalmi,
ka ɗago ka tarar ya yi fari.
Wani lokaci kuma hadari ya taso,
ya zauna a ruwansa har shekara ta fita."

Ban tanka ba.
Da dare na jawo tulun daga bayan injin,
na ɗora masa ɗaya tak a kan cokali na bakwai.
Ya tsotse shi a hankali, ido rufe,
bai tambaye ni dalili ba.